Tsakanin Riƙo da Safara: Me Muke Gaya wa Ɗaliban Zango?

Ranar 12 ga Yuni ta yaƙi da bautar da yara ce a duniya, ranar 30 ga Yuli kuma ta yaƙi da safarar mutane. Idan ɗayansu ta kewayo, makarantu a Accra sukan tashi da hidima. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, baƙi su iso da riguna iri ɗaya masu rubutu a ƙirji. A nuna wa yara hoton hannaye ɗaure da sarƙa, a nuna ƙaramin yaro cikin kwalekwale a tafkin Volta, a yi jawabi da Turanci, a sa yara su ɗaga murya su ce ba su yarda ba. A raba lemo da biskit, a watse.

Na zauna a irin wannan taro tare da ɗalibaina a nan tsakanin Nima da Mamobi, unguwannin zango na Accra inda Hausawa da sauran baƙi suka zauna, kuma ban raina ƙoƙarin masu shirya shi ba. Damuwata tana kan abin da ke faruwa bayan an naɗe rumfa. Yaron da ya gama tafi zai koma gida ya tarar da yarinyar da aka kawo daga arewa shekara biyu da suka wuce, tana kankare tukunyar shinkafa da wake da aka sayar tun safe. Zai miƙa mata rigar makarantarsa ta haɗa da wanki. Ko a mafarki ba zai danganta ta da jawabin da ya ji ɗazu ba, don babu sarƙa a hannunta, kuma babu tafki a Nima.

Tun daga suna aka fara samun saɓani. "Safarar mutane" maganar rediyo ce. A cikin gida ba wanda ke faɗinta. Abin da ake cewa shi ne an ba ta riƙo, ko ta zo taya Hajiya aiki, ko an kai shi koyon sana'a, ko ya samu hanya. Duk waɗannan maganganu ne masu mutunci, kuma sau da yawa gaskiya ne. Shi ya sa ɓarnar ke samun maɓoya a cikinsu.

Doka ita ba ta duba sunan da aka laƙaba wa abu. Ghana ta kafa dokar hana safarar mutane a 2005, mai lamba 694, ta gyara ta a 2009, bisa tsarin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ƙulla a Palermo a 2000. Ga babba, ana duba abu uku: an ɗauko shi ko an kai shi ko an ajiye shi, an yi haka ta hanyar yaudara ko tilas ko barazana ko sayen yardar mai iko da shi, kuma manufar ita ce a ci da guminsa ko jikinsa. Ga yaro, wato wanda bai kai 18 ba, tsarin Palermo bai buƙatar na tsakiyan. In an ɗauko shi don a ci da guminsa, magana ta ƙare, ko da dariya ya shiga motar. Dokar Ghana ta fito fili ta ce yardar yaron, ko ta iyayensa, ko ta mai riƙonsa, ba hujja ba ce a gaban alƙali. Hukuncin ba ya gaza ɗaurin shekara 5. Ba kuma sai an tsallaka iyakar ƙasa ba. Daga Walewale a arewacin Ghana zuwa Agbogbloshie a Accra ya isa, daga Sabon Zango zuwa unguwar Madina, duk a nan Accra, ma ya isa.

Duk lokacin da na karanta wa manya wannan sashe na yardar iyaye, sai an samu wanda ya gyara zama. To ai ubanta ne ya ba ni ita da hannunsa. Daga nan muhawarar gaskiya ke farawa, muhawarar da taron rumfa ke kauce mata.

Riƙo ba laifi ba ne, kuma duk mai wayar da kan da ya shigo zango yana nuna kamar laifi ne ya rasa masu sauraro tun kafin ya zauna. Da yawa daga cikin malamai da 'yan kasuwa da direbobin da muke alfahari da su a hannun gwaggo ko kawu ko aminin uba suka tashi. Ɗa na kowa ne. Macen da Allah bai ba haihuwa ba akan ba ta ɗiyar ƙanwarta, maraya yakan samu inuwa, yaron ƙauye yakan zo birni ya yi karatu. Sai dai riƙon da muka gada yana da shinge. Mai bayarwa da mai karɓa sun san juna, akwai kunya a tsakaninsu. Zumunci a ƙafa yake: uwa takan zo ta ga ɗiyarta, a sallah a kai yarinya gida. Mai riƙo ita ke kashe kuɗi a kan yarinya, ta tufatar da ita, ta sa ta makaranta, ta yi mata kayan ɗaki ranar aure.

Yanzu a juya kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Mai bayarwa bai taɓa ganin mai karɓa ba, wata mata ce mai zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni ta haɗa su, ta karɓi la'adarta. Kuɗi ya daina tafiya kan yarinya, ya koma tafiya hannun babba a can gida, ko an biya tun farko a dunƙule, ko an yi alkawarin keken ɗinki bayan shekara uku. Yarinya ba ta da lambar wayar uwarta. 'Ya'yan gida suna fita da jaka da safe, ita tana fita da faranti a ka. Idan ta ce za ta tafi, a tuna mata kuɗin mota da na abincin da ta ci. Sunan bai canja ba, har gobe riƙo ake kiransa, amma abin da ke ƙarƙashinsa haya ce, kuma ba ita ke karɓar kuɗin hayar ba.

Wannan bambancin shi ya kamata ɗalibi ya iya da ka kamar yadda ya iya jadawalin lissafi. Wa ya kawo ta? Hannun wa kuɗi ya shiga? Tana zuwa makaranta? Tana magana da iyayenta ba tare da an tsaya a kanta ba? In ta so komawa gida, za a bar ta? Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya riƙe waɗannan tambayoyi, kuma za su yi masa amfani fiye da hoton sarƙa. Dokar yara ta 1998, mai lamba 560, ta ƙara masa ma'auni: aiki mara nauyi daga shekara 13, aikin albashi da koyon sana'a a hannun maigida daga 15, aiki mai haɗari sai an kai 18. A cikin masu haɗarin an ambaci fita teku, haƙar ma'adinai da fasa dutse, da dakon kaya masu nauyi. Aikin dare, daga ƙarfe 8 zuwa 6 na safe, haramun ne ga yaro. Wanda ya san wannan idan ya bi ta kasuwar Makola ko ta Kantamanto zai dubi ƙananan 'yan dakon nan da ido daban. Sunan da ake kiransu ma, kayayei, rabinsa namu ne: kaya daga Hausa, sauran daga harshen Ga na mutanen Accra. Ba kowace mai dako aka yi safararta ba, da yawa da ƙafarsu suka zo neman na kayan aure ko kuɗin makaranta. Amma 'yar shekara goma da ke miƙa cinikin yini ga wata "anti" da yamma, ita ba neman na kanta take yi ba.

Ban ce a daina maganar Volta ba. Abin da ke faruwa can gaskiya ne, kuma mai ɗaci. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya mamaye ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya shanye dazuzzuka da itatuwansu a tsaye. Kututturan nan suna nan ƙarƙashin ruwa, su ke kama raga. Masunci yana son ƙaramin jiki da zai yi nutso ya kwance ta, da ƙananan yatsu masu tsince ƙananan kifi, da bakin da ba zai nemi albashi ba. Ana ɗauko yara daga garuruwan gaɓar teku irin su Winneba da Senya Beraku da Ada, a kai su wajen Yeji da Karachi (wato Kete Krachi) a bakin tafkin, da tsibiran da ke tsakani. Wasu ruwa ya ci su, wasu tsargiya ta kama su. James Kofi Annan, wanda ya kafa ƙungiyar Challenging Heights a Winneba, yana ɗan shekara 6 aka kai shi, ya yi shekara 7 a tafkin kafin ya gudu ya shiga makaranta. A lura kuma: can ma da sunan koyon sana'a a hannun dangi abin ya fara, kafin kuɗi ya shiga tsakani.

Akwai dalilin da ya sa hoton Volta ya mamaye komai. Daga 2015 zuwa 2017 rahoton shekara-shekara na Amurka kan safarar mutane ya sa Ghana cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, matakin da in aka zarce shi tallafi na iya tsayawa, sai a 2018 aka ɗaga ta. A 2015 ɗin ne ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar kare yara ta dala miliyan 5, wadda ta fi mai da hankali kan yankunan Volta da Tsakiya da Accra. Inda kuɗi ya bi, nan littattafai da hotuna da masu horarwa suka bi. An yi aiki, an ceto yara. Amma ga ɗan zango sakamakon shi ne darasi ya zama labarin masunta, labarin wasu mutane a wani wuri. Laifi tudu ne.

Haka muke yi da tarihi ma. Mukan cika bas da ɗalibai mu kai su Cape Coast da Elmina, inda Turawa suke tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa, su ga kurkukun ƙarƙashin ƙasa da ƙofar da ba a dawowa, su yi kuka, kuma ya dace su yi. Nawa ne aka taɓa kaiwa Salaga, a arewacin Ghana? A can kakanninmu masu fataucin Gwanja suke sauke kaya su ɗauki goro, kuma a kasuwar nan ɗin ake sayar da mutane; rijiyoyin da ake wanke bayi suna nan har yau. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Karachi da Kumasi da Accra, zangunanmu da yawa suka cika daga nan. Ta ɗaya gefen, rundunar Hausawan da Glover, jami'in Birtaniya, ya tara a Legas, wadda ta taya Turawa yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da yawan mutanenta bayi ne da suka gudo. A jininmu akwai mai saye, akwai wanda aka saya. Ɗalibin da aka gaya wa wannan ba zai ɗauka cewa bauta sai da Bature da jirgin ruwa ba.

Sai kuma tarkon da ke jiran ɗalibin shi kansa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne watannin da ke tsakanin gama jarrabawa da fitowar sakamako, na ƙaramar sakandare ko na babba. Yaro yana zaune a majalisar shayi ba aikin fari ba na baƙi, waya a hannu, kowa yana nuna masa hoton wanda ya fita. Da ɗan gari akan ci gari: mai kawo tayin ba baƙo ba ne, yayan aboki ne, ko 'yar unguwa da ta dawo da akwati da zoben zinariya.

Ga 'yan mata, tayin aikin gida ne a Saudiyya ko Kuwait ko Oman, wani lokaci a haɗa da kwaɗayin Umra. Dillali ya biya fasfo da tikiti, ya ce a biya shi daga albashi. Ana sauka a karɓe fasfo, sau da yawa har da waya. Tsarin da ke aiki a can ya ɗaure izinin zaman ma'aikaciya da maigidanta, in ta fita ba da yardarsa ba ita ce mai laifi. Sunan tsarin kafala, kalmar da muka koya a makaranta kan ladan ɗaukar nauyin maraya. Can ma, kamar riƙonmu, kyakkyawan suna ne aka lulluɓe wani abu da shi. A 2017 gwamnatin Ghana ta dakatar da ɗaukar masu aikin gida zuwa ƙasashen Gulf saboda yawan koke-koke. Dillalai suka koma bi da 'yan mata ta maƙwabtan ƙasashe, wanda ke nufin wadda ta shiga matsala babu ma takardar da ta nuna inda take.

Ga samari kuwa ƙwallo ce. Kowane yaro a Nima ya san Mohammed Kudus ɗan unguwa ne. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne hanyar da Kudus ya bi: shekaru a makarantar ƙwallo ta Right to Dream, sannan Nordsjaelland ta Denmark a 2018 bayan ya cika 18, sannan Ajax a 2020, sannan Ingila. Ƙa'idar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya kai 18, in ban da 'yan keɓantattun halaye. Don haka mutumin da ya zo wa uwar ɗan shekara 15 da takarda mai tambarin kulob, ya ce ta sayar da fili ta biya kuɗin gwaji, ƙa'idar kanta ta ƙaryata shi. Wannan jimla ɗaya, in ta shiga kunnen yaro kafin mutumin ya zo, ta fi jawabin awa guda. Haka hanyar Agadas zuwa Libiya, wadda duniya ta ga bidiyon gwanjon mutane a cikinta a 2017. Haka sabon salon da ake kiran matashi ta WhatsApp a ce ga aiki a kamfani, ya zo da kuɗin rajista, a kulle shi a gida da wasu, a ce hanyar fitarsa ita ce ya jawo 'yan'uwansa biyu. A duk waɗannan zaren ɗaya ne: bashin da ba ya ƙarewa, da takardar da ke hannun wani.

Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da abokan aikinta suka fitar ya ce a 2021 mutum kusan miliyan 50 ke cikin abin da ake kira bautar zamani, miliyan 28 a aikin tilas, miliyan 22 a auren dole. Masu jawabi suna son adadin aikin tilas, suna tsallake na auren dole idan sun shigo zango. Dokar yara ta sa shekarun aure 18. Ɗalibar da aka cire daga aji biyu na ƙaramar sakandare aka ɗaura mata aure don a rage baki a gida, ko don a biya alherin wani, tana cikin lissafin nan, ko da an yi walima an ci tuwo.

Wa zai faɗi duk wannan, kuma da wane harshe? A ganina makarantar Islamiyya ta fi kowa makami, ba ta dai ɗauke shi ba. Tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, ga kuma makarantun yamma da na Asabar da Lahadi a kowane lungu. Babu yaron da bai san ƙissar Annabi Yusuf ba: 'yan'uwansa ne suka jefa shi rijiya, aka sayar da shi da 'yan dirhami ƙidayayyu, ya yi hidima a gidan babban mutum, aka yi masa ƙazafi, shi aka kulle. Ga hadisin nan na Bukhari na mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, biyu daga ciki su ne wanda ya sayar da ɗa, wato wanda ba bawa ba, ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya gama ya hana shi ladansa. Malam ɗaya da zai karanta wannan da Hausa, ya ce yarinyar da ke kwana a kicin ɗinku tana ciki, ya gama abin da rigunan taro ba su yi ba. Sai dai malamin ma yana da tambayar da zai amsa. A watan Mayu na 2025 hukumar shige da fice ta kwashe mabarata sama da 2,000 daga titunan Accra, fiye da rabinsu yara, akasarinsu daga maƙwabtan ƙasashe. Da Hausa yawancin yaran nan ke roƙo a bakin fitilun hanya. Wa ke sauke su, wa ke ba su ɗakin kwana, wa ke ƙirga kuɗin da dare? Amsar ba ta da nisa da masallatanmu.

Wurin da na fi jin nauyi shi ne bayan yaro ya gane. Mun tarbiyyantar da shi kada ya ɗaga ido ya dubi babba, mun gaya masa abin da babba ya hango ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yanzu muna so ya ce gwaggonsa tana aikata laifin ɗaurin shekara 5, alhali ita ke biya masa kuɗin littafi. Doka ta wajabta wa duk mai labari ya kai rahoto, kuma wuraren kaiwa suna nan: sashen 'yan sanda na yaƙi da safarar mutane, sashen da ke kula da cin zarafi a cikin gida, ofishin jin daɗin jama'a na gunduma, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam. Amma ɗora wannan a wuyan ɗan shekara goma sha uku zalunci ne na biyu. Abin da yake buƙata shi ne babba ɗaya a makaranta da zai iya raɗa wa magana, wanda ba zai tona shi ba, wanda kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Makarantar da ba ta tanadi wannan mutum ba, gara ta jinkirta taron.

Mu kuma mun fi son a kai magana gaban sarkin zango ko liman ko magajiya, a sasanta a rufa asiri. Wani lokaci hakan yakan yi: a ja kunnen uwar riƙo, a sa yarinya makaranta, a buɗe mata hanyar gida. Inda aka yi duka mai rauni, ko aka taɓa mutuncin yarinya, ko dillaliya ce da ta saba, sasantawa taimaka mata ne ta koma ƙauye ta ɗauko wata. Ceton ma in ya tsaya a mai da yaro gida, yunwar da ta fito da shi tana nan tana jiransa. Ciyarwa a makarantu da aka fara a 2005, tallafin kuɗi ga gidajen marasa ƙarfi na 2008, da sakandare kyauta na 2017 sun rage wani nauyi, amma ba su kai kowace bukka ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A zangon karatun da ya wuce na raba wa ajina ƙananan takardu, na ce kada kowa ya rubuta suna, nasa ko na wani. Tambaya ɗaya ce: a gidan da kake kwana, akwai yaron da iyayensa ba sa nan, kuma ba ya zuwa makaranta? Da na zauna ina buɗe su a ofis, sai da na tashi na rufe ƙofa. Bayan an tashi, wata ɗaliba ta tsaya tana gyara jaka har kowa ya fita.

"Malam, in an mai da ita garinsu, wa zai biya kuɗin da aka ba babanta?"

Na ce mata a doka babu bashin da ke kan yarinyar, kuma wanda ya ba da kuɗin ba shi da bakin zuwa kotu ya nema. Ta gyaɗa kai, ta ce ta gane. Sannan ta ce, "Amma Malam, an riga an sayi taki da shi."